Gigin tsufa ya kama mahaifiyata da kakata: ni ma zan gada?

Wata malamar makaranta daga Daura ta aiko mini da tambaya mai tsawo, zan taƙaita ta. Mahaifiyarta tana da shekara 76, kuma shekara uku ke nan da ta fara mantuwa. Da fari kuɗi take ɗaurewa a bakin zane ta manta, ta ce jikoki sun ɗauke mata. Yanzu takan idar da la'asar ta sake ɗaukar buta, wani lokaci ta kira 'yarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Kakar mai tambayar ta wajen uwa ma haka ta yi a ƙarshen rayuwarta. Ita kuma shekararta 47, ga shi ta fara manta inda ta ajiye makulli da waya, sai tsoro ya kama ta. Tana so ta sani: wannan ciwon gado ne? Ta nemi gwajin jinin da ta ji ana yi a ƙasashen waje? Kuma me za ta faɗa wa dangin yaron da ke neman 'yarta, waɗanda suka fara tambaya a bayan fage ko "abin nan" yana bin jini?

Malama, Allah Ya ba Hajiya sauƙi, ku da kuke jinya kuma Allah Ya ba ku lada. Bari in fara ba ki amsar a dunƙule don hankalinki ya kwanta ki iya karanta sauran. Bisa abin da kika bayyana, mantuwar gidanku ba irin wadda ake gada kai tsaye ba ce. Hajiya ta fara ne bayan ta haye saba'in, kakarki ma da tsufa abin ya same ta. Haɗarinki ya fi na wadda babu kowa a danginta, wannan ba zan ɓoye miki ba; wanda mahaifi ko mahaifiyarsa ta yi ciwon, haɗarinsa yakan kai wajen ninki biyu. Amma mafi yawan 'ya'yan masu wannan ciwo suna tsufa da hankalinsu garau, kuma akwai abubuwa da dama a hannunki tun yanzu.

Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewar tsufa, likitoci suna ce masa dimenshiya. Ba cuta ɗaya ba ce, kamar yadda zazzaɓi ba cuta ɗaya ba ce. Suna ne na halin da ƙwaƙwalwa ke shiga idan ta lalace har mutum ya kasa gudanar da harkokinsa na yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi, ana samun sababbi kusan miliyan 10 a kowace shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu. Saboda haka ki cire tunanin cewa ciwon Turawa ne. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu shi cutar Alzaima ce ke damunsu, wadda wani likitan Jamus mai wannan suna ya fara bayyanawa a 1906. A cikinta wasu sinadarai biyu, amiloyid da tawu, suke taruwa a ƙwaƙwalwa suna kashe ƙwayoyinta sannu a hankali, kuma sukan fara ne daga sashen da ke ɗaukar sabon abu ya adana. Shi ya sa Hajiya za ta ba ki labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji dalla-dalla, har launin tasoshin jerenta, amma ta rantse ba a ba ta koko da safe ba. Ba ƙarya take yi ba, ba kuma neman rigima take yi ba. Kokon ne bai samu wurin zama a ƙwaƙwalwar ba.

Nau'i na biyu shi ne na jijiyoyin jini, kuma shi na fi so ki riƙe, don zan dawo kansa. Ki tuna lambun rani a bakin dam ɗin Daberam: ruwa na nan, amma idan ƙananan magudanan da ke kai shi fangali-fangali suka toshe, wani fangalin sai ya bushe, sannan wani ya bi. Haka ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke idan hawan jini da ciwon suga suka daɗe suna cin su. A tsofaffi da yawa nau'ukan biyu a haɗe suke.

To, ina gadon yake? Kowane ɗan Adam yana ɗauke da wasu siraran zarurruka 46 a cikin ƙwayoyin jikinsa da ake kira kuromosom, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma a jikinsu ne ƙwayoyin gado kimanin 20,000 suke. Game da Alzaima, gado iri biyu ne, kuma rashin bambance su ne ke jefa mutane cikin fargaba.

Na farko shi ne gado mai ƙarfi. Akwai ƙwayoyin gado uku, APP da PSEN1 da PSEN2, waɗanda idan ɗayansu ta zo da tangarɗa, kusan tabbas mai ita zai kamu idan ya yi tsawon rai, kuma kowane ɗa ko 'ya da ya haifa tana iya faɗa masa ko ta tsallake shi, rabi da rabi. Amma wannan bai kai kashi 1 cikin 100 na masu Alzaima ba, kuma yana da kamannin da ba ya ɓoyuwa. Yana kama mutane da ƙuruciyarsu, daga shekara talatin da wani abu zuwa hamsin da wani abu, kuma yana bin zuriya ɗaki-ɗaki ba tsallake: kaka, uba, baffa, gwaggo, duk a shekarun da ya kamata a ce suna tsakiyar neman na kansu. A ƙasar Kolombiya akwai wata babbar zuriya mai mutum dubbai da ke ɗauke da irin wannan tangarɗa a PSEN1, masu ita sukan ruɗe kafin su cika hamsin. Da a ce kin rubuto mini cewa mahaifiyarki ta fara tana da 48, yayanta ma haka, mahaifinsu ma haka, da wata amsar daban zan ba ki, da na ce ki nemi likitan ƙwaƙwalwa ku zauna a zana bishiyar zuriyarku. Abin da kika faɗa bai yi kama da wannan ba. Don haka a ɗakin duba marasa lafiya, kafin in yi tunanin wani gwaji, tambayata biyu ce: yana da shekara nawa ya fara, kuma mutum nawa ne a gidan?

Na biyu shi ne gadon da ke karkata mutum zuwa ga ciwon ba tare da ya tilasta shi ba. Babbar ƙwaya a nan ita ce APOE, tana kan kuromosom na 19, aikinta ɗaukar kitse a jini da ƙwaƙwalwa. Tana zuwa iri uku: e2, e3 da e4, kowa yana da biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mafi yawan mutane e3 gare su. A 1993 masu bincike a Jami'ar Duke da ke Amurka suka gano cewa e4 tana ƙara haɗarin Alzaima ta tsufa. A Turawa, mai e4 guda ɗaya haɗarinsa yakan ninka sau 2 zuwa 3, mai biyu kuma sau 8 zuwa 12. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu yana da guda, masu biyu kuwa ba su wuce 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Duk da haka akwai ɗimbin masu e4 da suka kai tamanin da casa'in ba su ruɗe ba, akwai kuma ɗimbin masu Alzaima da ba su da ita ko ɗaya. Bayan APOE akwai wasu ƙwayoyin gado da dama da kowacce ke ƙara ɗan ƙanƙanin abu. Kuma duk a cikinsu babu wadda ta kai shekaru ƙarfi: daga 65 zuwa sama, yawan masu ciwon yana ninkawa kusan duk bayan shekara biyar. Gidan da Allah Ya ba mutanensa tsawon rai, dole a fi ganin gigin tsufa a cikinsa. Wani lokaci abin da ake gani kamar ciwo ne ke bin gida, tsawon rai ne ke binsa.

Waɗancan alƙaluman na Turawa ne, kuma a nan ne labarin ya shafe mu sosai. A 1992 aka fara wani bincike tsakanin Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka, ƙarƙashin Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Farfesa Hugh Hendrie, daga baya Farfesa Adesola Ogunniyi ya ci gaba da jagorantar ɓangaren Nijeriya. Sun ɗauki tsofaffin Yarabawa 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan da tsofaffin baƙar fatar Amurka, waɗanda asalin yawancinsu Afirka ta Yamma ne, suka auna su da ma'auni iri ɗaya, suka bi su shekara da shekaru. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne ke kamuwa da dimenshiya, a Indiyanafolis kuwa kashi 3.24. Fiye da ninki biyu ke nan. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne e4 ta fi yawa a jikin 'yan Afirka fiye da Turawa, amma a Yarabawan nan tasirinta ya yi rauni ƙwarai. A farkon binciken ma ba a ga alaƙarta da ciwon ba, sai daga baya aka ga 'yar alaƙa, mafi yawa ga masu guda biyu. An kuma lura cewa tsofaffin Ibadan na wancan lokaci ba su kai takwarorinsu na Amurka hawan jini da ciwon suga da kitsen jini ba.

A kan Yarabawa aka yi wannan bincike, ba Hausawa ba, kuma baƙar fatar Amurka suna da gaurayen jinin Turawa, don haka ba na ɗora sakamakon a kanki kai tsaye. Amma darasinsa a fili yake: ƙwayar gado ɗaya tana iya yin ɓarna sosai a wani jikin da wani yanayin rayuwa, ta yi kaɗan a wani. Abin da ke damuna shi ne rayuwarmu tana sauyawa zuwa wajen da ɓarnar ta fi yawa. Kakarki ta yi surfe da daka da jan ruwa a rijiya, ta ci tuwon gero da miyar kuka da daddawa. Mu kuwa daga ƙofar gida sai kan babur, shayi cokali huɗu na suga, lemon kwalba a kowane biki, dunƙulen magi biyar a tukunya ɗaya.

Game da gwajin: ban ba ki shawarar ki kashe kuɗinki a kansa ba. Mutanenmu sun saba da gwajin jinin da ake yi kafin aure saboda sikila, inda AS da AS ke da lissafi bayyananne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS. Sai a ɗauka gwajin APOE ma haka yake. Ba haka ba ne. Idan ya nuna kina da e4, ba zai gaya miki ko za ki kamu ba, balle yaushe. Idan ya nuna ba ki da ita, bai wanke ki ba. Kuma ko wanne ya fito, shawarar da zan ba ki ba za ta sauya ba. Abin da zai ƙara miki kawai shi ne wata fargabar da za ki kwana da ita shekara talatin, ga kuma takardar da wata rana za ta iya faɗawa hannun wanda zai yi wa 'ya'yanki mummunar fassara da ita. Wurin da gwajin ke da amfani na gaske shi ne ga wanda aka riga aka tabbatar yana da Alzaima a matakin farko kuma za a ba shi sababbin allurai irin lecanemab, wadda Amurka ta amince da ita a 2023, domin masu e4 biyu sun fi samun kumburi da zubar jini a ƙwaƙwalwa idan aka ba su. Allurar tana rage saurin ciwon ne kaɗan, ba ta warkarwa, kuma kuɗinta ya haura dala 26,000 a shekara.

Dangin mai neman 'yarki kuwa, ki faɗa musu gaskiya ba tare da kunya ba: Hajiya ciwon tsufa take yi, ta fara bayan shekara saba'in, ba taɓin hankali ba ne, ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne. Babu likitan da ya san aikinsa da zai ce a fasa aure don kakar yarinya ta ruɗe da tsufa. In da za a bi wannan, gidaje nawa ne a Daura za su aurar? Abin da ya wajaba yaran su yi shi ne gwajin sikila da sauran gwaje-gwajen da aka sani. Alƙur'ani kansa, a Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Abu ne da ke cikin halittar ɗan Adam, ba tambarin wani gida ba. Ina jin zafi sosai idan na ji an kira tsohuwa mayya don an tsince ta da asuba a wata unguwa tana sambatu, alhali baiwar Allah hanyar gidanta ce ta ɓace mata.

Mantuwar makullinki fa? Mace mai shekara 47, tana koyarwa da safe, tana jinyar uwa da dare, barcinta a yanke, mai yiwuwa kuma al'adarta ta fara rikicewa don ta kusa ɗaukewa: duk waɗannan suna kawo mantuwa, kuma irin wadda ke wucewa ce. Kina manta inda kika ajiye makulli, amma idan kika bi sawunki sai ki tuna. Ke ce ma kika lura, ke ce kika damu. Mantuwar ciwo daban take. Mace ce da ta shekara hamsin tana tuƙa tuwo ta tsaya gaban tukunya da muciya a hannu ta rasa ko talge ake fara yi. Dattijo ne ya fito daga masallacin da ya shekara arba'in yana salla a ciki ya kasa gane kwanar gidansa. Tambaya ɗaya ce sau shida cikin sa'a guda, kuma galibi na kusa ne ke lura, shi mai abin yana cewa lafiyarsa ƙalau. Idan taki ta ci gaba da damunki, ki je a duba yawan jininki da maƙoƙo da suga, a kuma tambaye ki game da barci da damuwa.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Kwanakin baya wani saurayi ya kawo mini mahaifinsa nan Katsina, ɗan kasuwar hatsi mai shekara sittin da 'yan kai. Mutum ne da a da ake faɗa masa buhu kaza, tiya kaza, kafin yaron shago ya ciro waya ya riga ya faɗi kuɗin. Yanzu yana zaune gabana da carbi a hannu, na ce ya cire bakwai daga ɗari, ya yi shiru, ya kalli ɗansa, ya yi murmushin jin nauyi. Tafiyarsa ta zama ƙanana-ƙananan taku kamar mai tsoron santsi. Na ɗaura masa abin awo, jininsa 190 bisa 110. Na tambaya ko ya san yana da hawan jini. Ya ce an faɗa masa tun shekara goma da suka wuce, yakan sha maganin idan kansa ya yi ciwo, in ya lafa sai ya ajiye. Hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna ƙananan tabo birjik, kowanne wata 'yar jijiya ce da ta toshe ba tare da kowa ya sani ba. Da muka gama, ɗan ya tsaya a bakin ƙofa ya rage murya ya ce, "Likita, kakanmu ma haka ya yi. Gado ne?" Na ce ya dawo ya zauna ya miƙo hannu. Shekararsa 36, jininsa 160 bisa 100, kuma bai taɓa aunawa ba. Na ce masa lalle akwai abin da ke bin gidanku, ga shi nan a allon na'ura, kuma ƙwayar da ke maganinsa ana sayar da ita a kowane kemis.

Hawan jini yana bin jini, ciwon suga ma haka, kuma suna bin tukunya, don gida ɗaya girki ɗaya ake ci. A ganina, a ƙasarmu, kaso mai yawa na abin da ake kira gadon mantuwa ta wannan hanyar yake biyowa. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya fitar da rahoto a 2024 cewa abubuwa 14 da ake iya gyarawa su ne ke da alhakin kusan kashi 45 cikin 100 na dimenshiya a duniya. An kuma gwada maganar hawan jinin a aikace a ƙauyukan ƙasar Sin, a kan mutum kusan 34,000: ma'aikatan lafiya na ƙauye, ba manyan likitoci ba, suka riƙa bin mutane suna aunawa suna daidaita magani don jinin ya sauka ƙasa da 130 bisa 80. Bayan shekara huɗu, a sakamakon da aka buga a 2025, kamuwa da dimenshiya ta ragu da kashi 15 cikin 100. Wannan aiki ne da ƙaramin asibitin unguwa a Sandamu ko Zango zai iya yi. Ga masu gado kuma, wani bincike a Birtaniya a 2019 kan mutum kusan 196,000 ya gano cewa a cikin waɗanda ƙwayoyin gadonsu suka fi haɗari, masu kula da cimarsu da motsa jiki da guje wa taba sun fi ƙarancin kamuwa da kusan kashi ɗaya bisa uku idan aka kwatanta da marasa kula.

Saboda haka, Malama, shekarunki na yanzu su ne lokacin aikin, domin ɓarnar da ke bayyana a saba'in tun daga arba'in take farawa. Ki auna jininki a wannan makon. Idan ya kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya, ki fara magani, kuma ki sani ba a shansa don ciwon kai, kullum ake sha ko da kina jin garau. A auna suga da kitsen jini. Gishirin da babba ke buƙata a yini bai kai gram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen magi wajen rabinsa gishiri ne, don haka ki rage shi ki mayar da daddawa matsayinta. Gero da dawa da wake da zogale da rama da kifi da gyaɗa duk abincin ƙwaƙwalwa ne, ba sai kin nemi wani abu daga kanti ba. Tafiya da sauri minti 30 a yini, kwana biyar a mako, ko da zagayen filin makaranta ne bayan an tashi.

Sauran abubuwan zan bi su da sauri, ban da biyu. Taba, ƙiba, giya, ciwon damuwa da ba a yi magani ba, hayaƙin itace a rufaffen madafi, da buguwa a kai, wanda ya sa nake roƙon 'yan acaɓa su sa hular kwano, nake kuma tausaya wa 'yan dambe. Ƙarancin karatu tun yarinta ma yana ciki, kuma wannan hujja ce a hannunki ta barin 'yan mata su yi nisa a makaranta. Karatu da tilawa da koyon sabon abu suna ba ƙwaƙwalwa ajiyar da za ta jure da ita, ko da yake na ga mahaddata da malaman boko da ciwon ya kama, don kada a zargi wanda ya kamu da sakaci.

Biyun da nake so in tsaya a kansu su ne ji da gani, don mun ɗauke su a matsayin tsufa kawai. Tsoho ya fara kurumta, sai ya daina zuwa majalisa don yana jin kunyar cewa "me ka ce?" sau uku. Tsohuwa yana ta rufe mata ido, sai ta daina zuwa suna da biki, a bar ta a ɗakin ƙurya da rediyo. Ƙwaƙwalwar da ba ta samun sauti da hoto da hira tana saurin dusashewa. Kurumta tana cikin mafi girman abubuwan nan 14. Wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe, a wanke cikin minti goma. Aikin yanar ido kuwa gajere ne, ana yin sa a nan jihar. Ki duba wa Hajiya waɗannan, ki duba wa maigidanki, ke ma ki duba.

Hajiya ita ma tana buƙatar likita ya gan ta, kada a ce tsufa ne a zauna. Akwai abubuwan da ke kwaikwayon gigin tsufa ko su ƙara shi, kuma ana maganinsu: ƙarancin bitamin B12, raunin aikin maƙoƙo, ciwon damuwa, jini da ya taru a ƙoƙon kai bayan faɗuwa ko da ta makonni ce, da magungunan barci da na mura da ake saya ba da takardar likita ba. Idan kuma wata rana ta rikice farat ɗaya fiye da yadda kuka saba, ko ta yi ta barci, ko bakinta ya karkace, ranar za ku kai ta asibiti, don galibi zazzaɓi ne ko cutar mafitsara ko shanyewar ɓarin jiki. Idan an tabbatar Alzaima ce, akwai ƙwayoyi irin donepezil da memantine da kan ɗan taimaka na wani lokaci. Ki yi hattara da duk mai sayar miki da wani haɗi, na gargajiya ko na kamfani, da sunan yana dawo da ƙwaƙwalwa.

A gida, kada ku yi gardama da ita. In ta ce an ɗauke mata kuɗi, ku ce "Hajiya, bari mu duba tare", ku ajiye 'yan canji a wurin da za ku gano su. In ta kira ki da sunan ƙanwarta, ki amsa. Kada ki sanar da ita rasuwar, don kowane lokaci kamar yau ta fara ji. In ta maimaita salla ku bar ta, malamai sun yi bayani cewa an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Ku rufe bakin rijiya, ku ɗauke ashana da magunguna daga ɗakinta, ku bar mata fitila da dare, ku ɗinka 'yar takarda mai lambar waya a cikin hijabinta, ku kuma sanar da maƙwabta da mai unguwa halin da take ciki. Ku zaunar da ita tsakar gida cikin jikoki, ku ba ta tsintar wake ko ɓarar gyaɗa, hannu yakan tuna abin da kai ya manta. Kuma ku raba jinyar da 'yan'uwanki maza da mata, kwana-kwana, kada a bar miki ke kaɗai don ke ce mace kuma ke ce kusa.

Ku fara da babban asibitin da ke Daura, in an ga buƙata za a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. Ranar da za ku je, ki zuba duk magungunan da take sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, ki rubuta a takarda lokacin da kuka fara lura da kowace alama da shekarun da kakarki ta fara, kuma wanda ya fi zama da ita ya raka ku. Idan an gama auna jinin Hajiya, ki naɗe hannun rigarki ki ce a auna naki.